Ƙwai ya kama ba shi ne an gama wayarin ba

A wajen mai gida, aikin wayarin ya ƙare da zarar an danna makunni ƙwai ya kama, fanka ta juya. Saura biyan cikon kuɗi. To amma ƙwai yakan kama a gidan da aka yi wa aiki na ƙwarai, yakan kama a gidan da wayarsa ta yi wa kayan ciki kaɗan, haka ma a wanda aka juya wa layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita), da wanda wayar ƙasarsa, mai kai wutar da ta yoyo zuwa cikin ƙasa, ba ta taɓa komai ba. Ranar farko duk ɗaya suke. Sai an shekara ɗaya ko biyu, zafin bazara ya haɗu da esi da dutsen guga, sannan bambancin ya fito, wani lokacin har da hayaƙi. Abu biyu ke raba waɗannan gidaje tun kafin a kai ga haka: lissafin da aka yi kafin a sayo waya, da awon da aka yi kafin a saki wuta. Yaran shago da yawa sun iya fasa bango da jan waya fiye da ogansu, amma waɗannan biyun su ne ba a cika zama a koya musu ba.

Lissafin kansa ba mai yawa ba ne. A Najeriya wutar gida bolt 230 ce a ƙa'ida. Kowane kaya an rubuta masa wat nawa yake ci, a wata 'yar farantin bayansa ko a ƙasansa. Ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Sai dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau turjiyar waya, wadda ake aunawa da om. Kusan duk abin da zai biyo baya daga waɗannan biyun ya fito.

Mu ɗauki obin mai wat 3000, irin wanda masu yin kek na sayarwa ke sawa a kicin. 3000 raba 230 ya ba mu amfiya 13. Bireka mafi kusa daga sama ita ce mai 16. Daga nan sai a nemi wayar da za ta iya ɗaukar aƙalla 16 ɗin nan, ba 13 ba. A nan masu koyo ke yawan tuntuɓe, don suna ɗauka an sa bireka ne domin ta kare obin. Bireka maigadin waya ce. Aikinta ta yanke wuta kafin robar waya ta dahu. Saboda haka jerin kullum ɗaya ne: abin da kaya ke ja kada ya wuce bireka, bireka kuma kada ta wuce ƙarfin waya. Wanda birekarsa ke yawan faɗuwa ya je ya sayo mai 32 ya maye gurbin mai 16 ba tare da ya taɓa waya ba, bai gyara komai ba, ya dai cire abin da ke hana wayar cin wuta.

Ƙarfin waya a tebur ake dubawa. Tsarin wayarinmu na Ingila muka gada, kuma littafin da ake koyarwa da shi a kwalejojin fasaha, BS 7671, tun 1882 aka fara fitar da shi, bugu na 18 ya fito a 2018. Teburinsa na wayar jan ƙarfe mai robar PVC da aka zura cikin fayif a jikin bango ya ce mai kauri 1.5 (ana auna kaurin waya da murabba'in milimita) tana ɗaukar amfiya 17.5, mai 2.5 tana ɗaukar 24, mai 4 tana ɗaukar 32, mai 6 kuwa 41. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai ko 1.5 ma ta ishi obin ɗinmu, tunda 17.5 ta fi 16.

Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ɗan rubutun da ke saman teburin: an yi lissafin ne a kan iska mai zafin digiri 30. Robar PVC ba a son ta wuce digiri 70, kuma lambobin can suna nufin yawan amfiyar da za ta ɗaga waya daga 30 zuwa 70. To a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, inuwa kanta tana wuce 40. Tsakanin silin da kwano kuwa, inda yawancin wayoyin gida ke bi, wanda ya taɓa hawa da azahar ba sai an ba shi labari ba. Waya da ta fara daga 45 ratar da ta rage mata kafin 70 kaɗan ce. Shi ya sa littafin ya ba da lambar ragi: a digiri 35 a ninka da 0.94, a 40 da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Akwai ragi na biyu, na cunkoso. Layi biyu a fayif ɗaya suna ɗumama juna, sai a ninka da 0.80, in uku ne, 0.70.

Mu ce wayar obin za ta bi ta silin mai digiri 45, kuma don a rage kuɗin fayif an cusa ta tare da layi biyu na soket. 0.79 sau 0.70 ya ba da 0.553. Waya 1.5 ta koma amfiya 9.7. Waya 2.5, wadda kowa zai ce ta isa har da rara, ta koma 13.3, ƙasa da birekar 16. Sai mai 4 ce ta tsira da 17.7. Amma duba abin da zai faru in aka ba obin fayif nasa shi kaɗai: ragin cunkoso ya tafi, 24 sau 0.79 ya zama kusan 19, 2.5 ta wadatar. Fayif ɗaya na roba ya fi naɗin waya mai 4 arha nesa ba kusa ba. Wannan ita ce amsar da za a ba mai cewa lissafi ɓata lokaci ne: sau da yawa shi ke nuna inda za a rage kuɗi ba tare da an sa gida cikin haɗari ba.

Bayan zafi sai nisa. Waya komai kyanta tana cinye wani abu daga bolt ɗin da ke bi ta cikinta. Littafin ya yarda a rasa kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, wato bolt 6.9, da kashi 5 a sauran layuka, wato 11.5. Kowace waya da lambarta: a kan kowace amfiya ɗaya da mita ɗaya, 1.5 tana zubar da milibolt 29 (milibolt dubu ne bolt ɗaya), 2.5 tana zubar da 18, 4 tana zubar da 11, 6 kuma 7.3. Injin bohol da ke jan amfiya 10 a nisan mita 70 daga akwatin rabon wuta, in an ja masa 2.5, lissafin shi ne 18 sau 10 sau 70 raba 1000, bolt 12.6. Ya wuce iyaka, duk da cewa wayar ba za ta ko yi ɗumi ba. Da 4, asarar 7.7 ce.

Kuma wannan duka a kan zaton wuta ta iso mita da 230 ɗinta cif. A unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, da magariba ana iya auna 180. Nan akwai wata ƙura da ke ruɗa mutane. Kayan da aikinsu zafi ne kawai, kamar obin da hita da dutsen guga, in bolt ya sauka amfiyarsu ma sauka take yi: obin ɗinmu a 180 zai ja wajen 10, gashi dai zai ƙi yi da wuri. Kayan da ke da mota a ciki, wato injin da wuta ke juyawa, kamar firji da esi da injin ruwa, su kuwa akasin haka ne. Aikin da ke wuyansu bai ragu ba, don haka sai su ƙara ja. Abin da ke buƙatar wat 1500 yana jan 6.5 a 230, a 180 kuwa 8.3. Sitabilaiza ma ba ƙirƙirar wuta take yi ba. Bolt ɗin da ta ƙara a bakin fita, da ƙarin amfiya take biyansa a bakin shiga. Wayar da ke shiga cikinta ita ya kamata a fi kula da kaurinta. Ga kaya masu mota a ciki kuma, gara a karanta amfiyar da ke jikin farantin a kan a tsaya raba wat da bolt, domin abin da suke ja yakan ɗara abin da rabawar ta bayar, a lokacin tashi kuma yakan ninka sau da yawa na ɗan ƙiftawa. Dalilin da ya sa ake ba su bireka mai harafin C ke nan, wadda ba ta faɗuwa nan take sai wuta ta ninka lambarta sau 5 zuwa 10, maimakon mai B da ke faɗuwa a ninki 3 zuwa 5.

Yanzu da sola ta shiga gidaje da shaguna, akwai wani lissafin da bai kamata a wuce shi ba. Inbata da ke ba da wat 2000, a gefen 230 amfiya 8.7 ce kacal. A gefen batir mai bolt 24, wat 2000 ɗin nan amfiya 83 ce, ba a ma sa asarar cikin inbatar ba. Wanda ya saba da gefen gida ya ɗauko ragowar 4 ko 6 ya haɗa batir, ya kunna wa kansa murhu. Wurin na wayar 25 ne, gajeriya, da fis ko bireka da aka ƙera domin wutar batir, ba irin ta akwatin gida ba.

Duk lissafin nan ya dogara ne a kan wayar ta kasance abin da aka rubuta a jikinta, kuma a kasuwa ba kullum take zama haka ba. Akwai wadda aka rage wa kauri, akwai alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, alhali turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da wajen kashi 60 cikin 100. Kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka gane. Awo ya fi wannan tabbas: mita 100 na jan ƙarfe 2.5 ya kamata ya nuna om 0.74, na 1.5 kuma 1.21. In 2.5 ta nuna maka kusan 1.2, to 1.5 ka saya da kuɗin 2.5. Sai dai ka fara haɗa bakin wayoyin na'urarka biyu ka ga nawa suke nunawa su kaɗai, ka cire shi daga sakamakon, ka kuma tabbata naɗin ya cika tsawonsa, don gajeren naɗi yana ɓoye laifin siririyar waya.

Mu koma ga gwaji. Kafin a taɓa komai, a tabbata wuta ta mutu. A da cire fis ɗin kamfani ya isa. Yau gida ɗaya na iya samun wutar kamfani da janareto da inbata, kuma inbata ba ta ƙara balle ka ji ta. Testa mai kamar sukundireba ba abin dogaro ba ce: a cikin rana ba a ganin haskenta, kan busasshen tsani tana iya ƙin kamawa alhali akwai wuta, tana kuma kamawa a wayar da ke kwance kusa da mai wuta kawai. A yi amfani da na'ura mai baki biyu, a gwada ta a inda aka san da wuta, a auna wurin aiki tsakanin layif da nutural, layif da ƙasa, nutural da ƙasa, sannan a sake gwada ta a wurin farko. A gidan da ke da layi uku kuma a tuna tsakanin layi da layi bolt 400 ne.

Gwaje-gwajen suna da jeri, kuma jerin ba ado ba ne, kowane ɗaya yana dogara da wanda ya gabace shi. Na farko, shin wayar ƙasa ta isa kowane soket da kowane kaya mai jikin ƙarfe? A akwatin rabo a haɗa layif da wayar ƙasa na ɗan lokaci, a je soket na ƙarshe a auna tsakaninsu. Amfanin lissafi a nan shi ne ka san amsar kafin ka auna. Kowace mita ta 2.5 miliom 7.41 ce, ta 1.5 kuma 12.1. Layin mita 25 mai layif 2.5 da wayar ƙasa 1.5 ya kamata ya ba da kusan om 0.49. In ka ga 0.5, alhamdu lillahi. In ka ga 1 ko 2, akwai inda aka murɗa waya da hannu aka naɗe da tef, ko sukurun da ba a ɗaure ba.

Kada rabin om ya yi maka kama da ƙaramin abu. Zafin da ke tashi a mahaɗa shi ne amfiya sau kanta sau turjiya. 13 sau 13 sau 0.5 wat 84 ne, duk a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba, cikin rufaffen akwatin soket. Ka cire fuskar irin wannan soket za ka tarar gefen ramin layif ya yi ruwan ƙasa, robar wayar ta bushe tana ɓarewa in ka lanƙwasa, jan ƙarfen ya yi baƙi, ga wani ƙarni kamar na kifi da masu gida suka daɗe suna neman inda yake fitowa. Bireka kuwa ba za ta ce uffan ba, don amfiya 13 ɗin da aka yarje mata ita ce ke wucewa.

Inda aka yi soket a tsarin zobe, wato waya 2.5 ta fita daga bireka mai 32 ta zaga ta dawo, sai an raba bakunan biyu an tabbatar zoben bai tsinke ba. In ya tsinke, kowane soket zai ci gaba da aiki, amma waya mai ƙarfin 24 ta koma ƙarƙashin bireka mai 32. Ingila ta ɓullo da tsarin ne bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da jan ƙarfe ya yi wuya. A ganina, inda ba a da tabbacin za a riƙa gwadawa, layi miƙaƙƙe na 2.5 a kan bireka 16 ko 20 ya fi kwanciyar hankali, kuma haka 'yan'uwanmu na Nijar, da suka fi bin tsarin Faransa, suka saba yi.

Na biyu, lafiyar roba. Maltimita da batirinta na bolt 9 ba za ta ga ɗan yankan da bakin fayif ya yi wa waya ba, ko ƙusar mai silin da ta goge ta. Sai na'urar da ake kira mega, mai tura bolt 500. Mafi ƙarancin turjiyar roba da aka yarda da shi megaom 1 ne, wato om miliyan ɗaya, amma sabon aiki ɗaruruwa ya kamata ya nuna, kuma duk abin da ya gaza 2 a bincike shi. A cire ƙwayaye da talabijin da inbata da duk wani abu mai lataroni tukuna, in ba haka ba ko su lalace ko su ɓata sakamakon. Sai na uku, a tabbatar kowane makunni da bireka layif suke yankewa. Makunnin da ke kan nutural yana kashe ƙwai sarai, amma yana barin wuta a mazauninsa tana jiran mai canzawa. Kada a dogara da launi kawai, tunda ja da baƙi na tsohon tsari da ruwan ƙasa da shuɗi na sabo duk suna yawo a kasuwa, har a gida ɗaya.

Maganar ƙasa ita ce ta fi nauyi. A gidaje da yawa layif da nutural kawai ke saukowa daga fal, mai gida ne ke kafa sandar ƙasarsa. A ce sandar ta auna om 100, abin da ba baƙo ba ne a busasshen rairayi. Layif ya taɓa jikin firji. 230 raba 100, amfiya 2.3 ce za ta bi ta ƙasa. Birekar B mai 16 tana son 80 kafin ta faɗi nan take, mai 32 tana son 160. Ba za ta taɓa faɗuwa ba, jikin firji zai zauna da wuta har sai wani ya fito daga wanka ya kama marfinsa. Abin da ke ceton rai a nan shi ne birekar yoyo, wadda aka rubuta wa RCD ko RCCB, mai miliamfiya 30. Ita tana kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, da ta ga giɓi sai ta yanke. Da na'urar gwaji, a miliamfiya 30 dole ta faɗi cikin milisakan 300, a rabin haka kuma kada ta faɗi. Ɗan maɓallin jikinta mai harafin T lafiyar birekar kawai yake nunawa, bai san komai game da sandarka ba.

Ita sandar a auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, don awon watan Agusta yaudara ne. Fiye da om 200 ba a ɗaukarsa abin dogaro. Gishiri da gawayi da ake zubawa a ramin suna sauke lambar da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwa kuma yana wanke shi. Ƙara zurfi ko ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko ya fi ɗorewa.

In an sa birekar yoyo ta riƙa faɗuwa, al'adar da aka saba ita ce a ce ba ta da kyau a tsallake ta. Galibi gaskiya take faɗa: ko an ari nutural daga wani layi, ko nutural ya taɓa wayar ƙasa a wani akwati, ko makunnin canji na janareto layif kaɗai yake yankewa. A kashe duk birekoki, a raba nutural ɗin layukan ɗaya bayan ɗaya, a sa mega, mai laifin zai fito.

Lambobin da aka samu a rubuta su layi-layi, da kwanan wata, a bar kwafi a jikin akwatin rabo. Robar da ta nuna megaom 300 bana ta koma 5 bayan shekara uku har yanzu tana cikin ƙa'ida, amma wanda ke da takardar farko ne kawai zai gane ruwa ya fara shiga wani wuri. Ta fuskar doka ma, tun 2015 akwai ƙa'idojin aikin wuta na NESIS da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta fitar, kuma hukumar NEMSA da aka kafa da dokar wannan shekarar ita ce ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa tare da duba ayyuka. Mega da na'urar gwajin birekar yoyo suna da tsada ga mai farawa, amma ba kullum ake buƙatarsu ba. Shaguna uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.